Yaro zai shiga rukunin da ake bangaza a wasan hoki: a bar shi ko a hana?

Baban Khalifa, Kalgari

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga iyayen da 'ya'yansu ke buga hoki na ƙanƙara a nan Kanada. Khalifa ya cika 13, bana zai haura zuwa rukunin 'yan ƙasa da shekara 15, kuma a wannan rukuni ne doka ta fara yarda ɗan wasa ya bangaje abokin karawarsa da jiki don ya ƙwace ƙwallo. A takardar rajista an ba mu zaɓi biyu, rukunin da ake bangaza da wanda ba a yi. Shi ya kafe sai na farkon, don abokansa duk can za su. Mahaifiyarsa ta ce ba da ɗanta ba. Ni abin da ke hana ni barci shi ne jikinsa. Har yanzu bai miƙe ba, siriri ne, alhali a cikin tsararsa akwai waɗanda sun fara gemu, wasu ma sun fi ni tsawo. Yaron nan tun yana ɗan shekara shida yake wannan wasa, ba na son in karya masa zuciya, kuma ba na son in kai shi inda za a karya masa wuya. Me kuka gani?

Maman Yusra, Otawa

Wa'alaikumus salam. Baban Khalifa, ina bayan uwargida ɗari bisa ɗari. Yusra tana bugawa, kuma a wasan 'yan mata a nan ba a yarda da bangaza ba sam, amma duk da haka bara sai da ta yi makonni a gida, labule a rufe, ba waya ba talabijin, saboda karo kawai suka yi da wata yarinya kanta ya bugu da ƙanƙara. To in haka take faruwa inda doka ta hana, ina ga inda doka ta ce a yi? Abokai za su sauya, kai kuwa ɗaya ne Allah ya ba shi.

Kawu, Kano

Ku yi haƙuri, mu da ke gida ku fahimtar da mu. Na taɓa ganin wasan a talabijin, na ga mutum ya taho a guje ya haɗa wani da bango har gilashi na rawa, alƙalin wasa ko busa usur bai yi ba. Wato wannan yana cikin doka? Kuma yara ake koya wa haka?

Sadik, Edmonton

Kawu, yana cikin doka, amma da sharuɗɗa. Ni a nan na taso, na buga har na kai 17, yanzu ina taimaka wa wani koci da ƙananan yara. Wanda ƙwallo ke sandarsa kaɗai ake bangaza, ko wanda ya sake ta yanzun nan. Da kafaɗa ake yi ko da ƙugu, ta gaba ko ta gefe. Ba a yi ta baya, ba a taɓa kai, ba a sa gwiwar hannu, ba a yin tsalle, ba a tahowa da gudu daga nesa don a murƙushe mutum. Manufarta ka raba shi da ƙwallo, shi ke nan. Idan an yi ta yadda ya dace ƙararta ta fi zafinta, bangon ne ke shanye yawancin bugun.

Baffa Baban Khalifa, ra'ayina ka bar shi ya shiga. Abin tsoro ba bangazar ba ce, rashin sanin yadda ake karɓarta ne. Yaron da ya koya da wuri ya san ya ɗaga kansa yana kallon fili, ya san kada ya tsaya taku ɗaya ko biyu daga bango, domin nan ne wuri mafi haɗari. Ko dai ka manne da bango ko ka yi nesa da shi. Wanda ya tsaya a tsakani, in aka buge shi da ka zai shiga katako. In ka ɓoye shi yanzu, ya zo ya shiga yana 16 cikin ƙarti da suka shekara uku suna yi, a lokacin ne za a ji masa ciwo.

Dakta, Toronto

Sadik, Allah ya yi maka albarka da wannan bayani, amma hujjarka ta ƙarshe an gwada ta, kuma ba ta tsaya ba. Shekara da shekaru da ita aka riƙa kare bangaza ga yara 'yan 11 da 12. Sai Farfesa Carolyn Emery ta Jami'ar Kalgari, garin Baban Khalifa ke nan, ta kwatanta yaran lardin Albarta, inda ake bangaza a wannan shekaru, da na lardin Kwibek inda ba a yi. Binciken ya fito a 2010. Yaran Albarta sun ninka na Kwibek sau uku wajen jin rauni a wasa, haka ma wajen girgizar ƙwaƙwalwa. Masu binciken suka kuma duba yaran rukuni na gaba don su ga ko waɗanda suka fara da wuri sun sami kariya, ba su ga girgizar ƙwaƙwalwa ta ragu a cikinsu ba. Hukumar hoki ta Amurka ta ɗaga shekarun fara bangaza zuwa 13 a 2011, ta Kanada ta bi sahu a 2013. Bayan canjin aka sake dubawa a Albarta, girgizar ƙwaƙwalwa a rukunin 'yan 11 da 12 ta ragu da fiye da rabi.

Ina so iyaye su gane wani abu game da hular kwano. Tana hana ƙoƙon kai fashewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa motsi a cikinsa. Ba lallai ma a taɓa kan ba. Yaro yana gudu aka tare shi a ƙirji ya tsaya cak, ƙwaƙwalwar ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi ta dawo. Wuyan ɗan shekara 13 bai yi ƙwarin da zai riƙe kai ba. Kuma a wannan shekaru ne bambancin girma ya fi yawa, domin wani ya balaga wani bai fara ba, suna aji ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya da kilo 20 ko fiye. Abin da Baban Khalifa ya gani da idonsa shi ne ainihin matsalar.

Sadik, Edmonton

Dakta, ban musa alƙaluman ba. Amma alƙaluma ba su rarrabe bangaza mai kyau da ta mugunta ba. Ki duba manyan raunukan da suka girgiza gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, kusan duk rashin mutunci ne ya kawo su. A 2004 Todd Bertuzzi ya bi Steve Moore ta baya ya naushe shi, ya faɗa kansa, ƙasusuwan wuyansa uku suka karye, bai ƙara bugawa ba. Wannan ba bangaza ba ce, ramuwar gayya ce, har kotu sai da ta shiga. A 2010 Matt Cooke ya zo wa Marc Savard ta gefen da ba ya gani ya buge shi a ka, daga nan ne aka kafa doka ta 48 da ta haramta nufin kai. Matsalar tarbiyya ce. Ɗan wasa ya ga lambar rigar abokin karawarsa, wato ya juya masa baya ke nan, dole ya ja birki. Shi ya sa a bayan rigunan yara za ka ga jan tambari an rubuta STOP, wanda wani mutum a garin Windsor, Kevin Stubbington, ya ƙirƙiro a 1996. Muna maimaita wa yaranmu har su gaji: ka ga tambarin nan, ka tsaya.

Kawu, Kano

Na fara ganewa. Mu ma a dambe duka ake yi da gaske, amma da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ba wanda zai ƙara kai masa naushi, in ka yi kuwa jama'ar fili za su taso maka kafin alƙali. Kuma ba a haɗa ɗan ƙaramin yaro da ƙato a ce wai ai shekarunsu ɗaya, ido ake sa wa a ga tsara. Abin da ya ɗaure mini kai a naku shi ne takardar haihuwa ce kawai ke haɗa su.

Maman Yusra, Otawa

Kawu ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ka ce jama'ar fili za su taso wa mai cin zali. A nan jama'ar filin su ne masu zuga. Na zauna a kan benci mai sanyi da bargo a cinya, wani uba a gefena ya miƙe yana dukan gilashi da tafin hannu yana ihu wa ɗansa ya gama da wani yaro. Yaron da ake cewa a gama da shi yana kwance bai tashi ba, mahaifiyarsa tana layi na biyu ta toshe baki da hannu. Alƙalin wasan kansa yaro ne, da koren ƙyalle a damtse, alamar da ake sa wa alƙalan da ba su kai 18 ba a yankinmu don manya su ji kunyar zaginsu. Bai hana ba. Na ga yaron nan bayan wasa a bakin ƙofa yana jiran a zo a ɗauke shi, idonsa ja wur.

Sadik, kana cewa tarbiyya. Na yarda. Amma Baban Khalifa tarbiyyar ɗansa kaɗai ke hannunsa. Ta ɗan wancan mutumin mai dukan gilashi fa?

Malam, Winnipeg

Hajiya ta yi tambayar da ta dace. Ni ba masanin wasan ba ne, jikokina ne ke yi, nakan raka su. Abin da zan ƙara shi ne jikin yaro amana ne a hannun uba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Wasa da motsa jiki abu ne mai kyau, ba wanda ya hana. Amma in likitoci sun auna sun ce ga hanya mai yawan cuta ga mai ƙaranci, kuma duk biyun wasa ɗaya ne a fili ɗaya, to uba ba shi da uzurin zaɓar mai yawan cutar don kawai yaro zai yi fushi. Fushin yaro na mako guda ne.

Sannan ita kalmar mutunci da kuke ta ambata, kada ku taƙaita ta ga abin da ke faruwa a kan ƙanƙara. Ɗanmu Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta Najeriya, yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar Windsor Spitfires a 2005 aka ce sababbin 'yan wasa su tuɓe a cusa su a banɗakin mota. Ya ƙi. Abokin wasansa na ƙungiya ɗaya, Steve Downie, ya buge shi da sanda a baki a wurin atisaye, ya zubar masa da haƙora. A 2019 kuma ya fito ya faɗi kalaman wariyar launin fata da koci Bill Peters ya taɓa jifansa da su, har Peters ya ajiye aikinsa a ƙungiyar Calgary Flames. Ku da kuke da 'ya'ya baƙaƙe, Musulmi, a cikin wannan wasa, ku riƙa tambayarsu abin da ake faɗa a ɗakin sauya kaya. Ba kowane rauni ne likita ke gani ba.

Baban Khalifa, Kalgari

Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi wannan ɓangaren ma yana raina. A nan Albarta dole ne uba ko uwa su yi wani kwas a intanet mai suna Respect in Sport kafin a yi wa yaro rajista, wanda Sheldon Kennedy, tsohon ɗan wasan da kocinsa ya ci zarafinsa yana yaro, yake cikin waɗanda suka kafa. Na yi shi, yana da amfani. Sai dai mutumin da Hajiya ta ba da labari ma mai yiwuwa ya yi irinsa.

Abin da Khalifa ke kafa mini hujja da shi su ne taurarin NHL Jarome Iginla da Nazem Kadri. Hoton Iginla ne a bangon ɗakinsa, yana alfahari cewa mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma ya daɗe yana kyaftin a garin nan. Kadri kuwa ranar da ya kai kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, masallacin garinsu a 2022, yaron nan bai yi barci ba don murna. Yana cewa su duka da ƙarfin jiki suka kai inda suka kai.

Dakta, Toronto

To ka zaunar da shi ka ba shi labarin Kadri cikakke. Sau uku ana dakatar da shi a wasannin neman kofi, a 2018 da 2019 da 2021, duk saboda bugun da ya wuce ƙa'ida. Na 2021 wasa takwas aka hana shi kan bugun kan Justin Faulk. A shekarar da ya kame kansa, duk da zagi da barazanar da aka yi masa saboda addininsa da asalinsa, a ita ya ɗauki kofin.

Sannan ka ba shi labarin Sidney Crosby, wanda a lokacin ba a da kamarsa. Ranar 1 ga Janairu 2011 aka buge shi a ka, ya tashi ya ci gaba da wasa. Bayan kwana huɗu aka sake haɗa kansa da gilashi. Bai dawo fili ba sai Nuwamba. Mutumin da ke da likitocin ƙungiya a gefensa ke nan. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne abin da muke tsoro fiye da komai, kuma a yara yana iya kisa. Maman Yusra ta san labarin Rowan Stringer, 'yar garinsu ce. Shekararta 17, rugbi take bugawa, ta sami bugu a ka, ta faɗa wa ƙawayenta ta saƙon waya cewa tana zargin ƙwaƙwalwarta ta girgiza, amma ba ta faɗa wa babba ko ɗaya ba don kada a hana ta wasa. Ta sake shiga fili, aka sake bugunta, ta rasu a 2013. Da sunanta lardin Ontariyo ya kafa doka a 2018, wadda ta tilasta a cire duk yaron da ake zargi daga wasa, kuma kada ya dawo sai da izinin likita.

Yaranmu sun fi kowa iya ɓoyewa, domin mun tashe su da cewa namiji ba ya raki. Don haka kowane rukuni ka zaɓa, ka sa ido bayan wasa. Ciwon kai, jiri, amai, ƙin haske, yawan barci, saurin fushi, ko ya riƙa maimaita tambayar da ka riga ka amsa. Ba sai ya suma ba. Yawancinsu ba sa suma.

Sadik, Edmonton

Wannan gaskiya ne Dakta, na ga abokaina da yawa suna ɓoyewa, koci na tambaya suna cewa lafiya lau alhali ba sa ganin allon maki sosai. Amma ku bar ni in faɗi abin da su yaran ke ji, tunda ba sa cikin zauren nan. Rukunin da ba a bangaza, a idonsu, rukunin waɗanda aka sallama ne. Manyan rukunoni duk da bangaza ake yi, masu neman 'yan wasa can suke zuwa kallo. In ka sa yaro mai hazaƙa a ƙasa ka rufe masa wata ƙofa, kuma ya sani. Ko mata ma yanzu suna neman a ba su dama. An hana su bangaza bayan gasar duniya ta farko a Otawa a 1990, amma Siwidin ta dawo da ita a babbar gasar matanta a 2022, kuma a gasar ƙwararrun mata ta Amurka da Kanada, PWHL, da aka fara a 2024 ana haɗa jiki sosai. 'Yan wasan da kansu suka ce suna so.

Maman Yusra, Otawa

Waɗannan manyan mata ne Sadik, sun mallaki hankalinsu, sana'arsu ce, an biya su. Muna maganar ɗan shekara 13 da ba zai iya sa hannu a takardar asibiti da kansa ba. Ƙofar da kake cewa za a rufe, yara nawa ne cikin dubu suke shiga ta? Sauran duk da wannan kan za su yi jarrabawa, da shi za su nemi abinci.

Wani abu kuma da ba mu taɓo ba, don Allah kowa ya duba makarin wuyan ɗansa. Tun da ƙarfen ƙasan takalmin hoki ya yanke wuyan ɗan wasa Adam Johnson a Sheffield ta Ingila a Oktoban 2023 ya rasu yana da shekara 29, na daina yarda Yusra ta naɗe nata ƙasa wai yana shaƙe ta. A wasan yara a Kanada dole ne tun da daɗewa, amma za ka ga sun sassauta shi yana lilo, wasu sun yanke shi ya zama kamar zare. Ni da kaina nake ɗaura mata kafin ta fita.

Baban Khalifa, Kalgari

Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin riƙewa. Mun zauna da mahaifiyarsa da shi kansa jiya bayan isha'i, na karanta masa maganar Dakta da ta Sadik duka, ban ɓoye masa ko ɗaya ba. Bana zai buga rukunin da ba a bangaza. Zan sa shi a horon koyon bangaza da ake yi kafin kaka ta fara, don ya iya karɓa da kaucewa, tunda karo ba ya ƙarewa a kowane rukuni. Baɗi mu ga yadda jikinsa ya yi mu sake zama. Ya yi kuka, bai ci abincin dare ba. Ku sa mu a addu'a.

Malam, Winnipeg

Allah ya yi masa albarka, ya sanyaya zuciyarsa, ya tsare mana su baki ɗaya.

Sadik, Edmonton

Amin. Baffa, har yanzu ina ganin da ka bar shi ya gwada, amma kai ne uba, kuma kai ka san jikinsa. Tunda ka yanke, ga roƙona. Kada ka bari ya ɗauki shekarar nan a matsayin hukunci. A rukunin da ba a bangaza ƙwallo ta fi daɗewa a sandar yaro, zai sami sarari ya gyara gudunsa da juyinsa, kuma ƙaramin ɗan wasa da ya iya juyi da wuya a same shi a buga. Ka sa ya riƙa motsa jiki don ƙarfafa wuya da ciki, ko a falo ne.

Kuma kafin baɗi, duk kocin da za ka miƙa masa shi, ka je atisayensa ka zauna ka kalla ba tare da ka ce komai ba. Ka lura da abin da yake yi in yaronsa ya bugi wani ta baya: yana zaunar da shi a benci, ko yana bubbuga masa hula yana murmushi? Sannan ka tambaye shi kai tsaye wa ke yanke hukuncin dawowar yaron da ya bugu a ka, shi ko likita. In ya fara kame-kame, ka nemi wata ƙungiyar. In kun shigo Edmonton lokacin hutu ku neme ni, akwai filin unguwa kusa da mu da ake buɗewa da safe, zan nuna wa Khalifa yadda ake shiga kwana a ɗauko ƙwallo ba tare da an juya wa mutum baya ba.